Dawar Gidanmu a Kasuwar Tsafe

Gidanmu yana wani ƙauye a bayan Furfuri, ƙasar Bunguɗu, kuma mu manoma ne gaba da baya. Ba dukiya aka san mu da ita ba a wannan yanki, ba kuma malanta ba. Wata dawa ce. Fara ce tas, amma kowace ƙwaya da ɗigon ja a kanta, shi ya sa mutanen garin suke ce mata mai lalle. Tuwonta yana da danƙo, ya kwana ya wuni bai saki ruwa ba, kuma ko shekarar da damina ta ɗauke da wuri takan daure ta nuna. Tun ina yarinya ban taɓa ganin irinta a gonar kowa ba, kuma ba banza ba, tsare ta ake yi.

A tsakiyar gona ake shuka ta, a kewaye ta da ƙaura, dawar da kowa yake da ita, don kada mai wucewa ya miƙa hannu ya karya zangarniya. Ba a kai ta kasuwa. Ba a ba kowa tsabarta, ko maƙwabci, ko suruki, ko limamin gari. In za a yi wa mutum alheri da ita sai an surfa an niƙa, a kai masa gari, ya ci ya gode amma ba shi da abin shukawa. Kafin girbi maigida da kansa yake shiga ya zaɓi manyan zangarniyu na iri, a rataye su a madafa inda hayaƙi zai hana ƙwari taɓa su. Mutum ɗaya ne yake samun irin: ɗa namiji na gidan, ranar da zai fita daga gandu ya kafa tukunyarsa. Shi ma uwar gida ce take ba shi da hannunta.

Mu mata kuwa, ranar da za a kai mu ɗakin miji, gari ake ƙulla mana. Na yi wa Babana tsiya a kan wannan har na gaji. Nakan ce, "Wato ni bare ce ke nan?" Sai ya yi dariya ya ce, "Ke dai ci tuwo, uwar surutu." Allah ya jiƙansa, mutum ne mai sanyin hali, ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba. Duk duniya ba ni da wanda nake so kamarsa.

Aure ya kawo ni Gusau, Tudun Wada. Bayan rasuwar maigidana na kama sana'ar awo, ina sayar da hatsi a tiya daga cikin gida, ina kuma bin kasuwanni ina saro kaya da kaina, don na gaji da dillalai masu kawo mini wake rabinsa tsakuwa. Lokacin Babana da Innata duk sun rasu. Gidanmu na ƙauye yana hannun Baffa, ƙanen Babana, dogon tsoho mai taurin kai wanda in ya ce a'a to ko ruwan sama ya haƙura. Akwai kuma yayarsu, Gwaggo, da take zaune a Bunguɗu wajen ɗanta, ido ya yi rauni amma kai garau. Abin da na sani tun tasowata ke nan: su uku kakana ya haifa.

Wata bazara, zafi ya kai inda ya kai, hadari ya fara haɗuwa yana watsewa, na tafi kasuwar Tsafe neman masara. Na gama ciniki ana ɗaure mini buhuna sai na hangi wata mata can gefe, ba ta cikin layin masu awo, ta zauna a ƙasa da 'yar ƙwarya a gabanta an rufe da faifai. Ni kuwa ba na iya wuce ƙwarya a rufe, halin sana'a ne. Na je na ɗaga faifan.

Mai lalle ce. Tsaba, an sussuke ta an sheƙe, ko tsakuwa ɗaya babu.

Wallahi raina ne ya fara ɓaci kafin komai. Na ce a zuciyata, lalle wani ɗan ƙwadago ya yi mana hannu lokacin girbi. Na dube ta sama da ƙasa. Ba za ta wuce shekara arba'in ba, hijabinta ya koɗe, ƙafafunta duk faso.

Na ce, "Baiwar Allah, a ina kika samo wannan?"

Ta ce, "Tamu ce, Hajiya. Iri ne."

"Iri? Ga damina a bakin ƙofa kike sayar da iri? Ke wace irin manomiya ce?"

Ta sunkuyar da kai. Nan take na ji kunyar bakina, don duk wanda ya tashi a gidan noma ya san ba a fitar da iri kasuwa sai abu ya kai maƙura. Na tsuguna kusa da ita, na sassauta murya, sannan ta ba ni labari. Daga wani ƙauye take a ƙasar Tsafe, can cikin duwatsu. 'Yan bindiga suka tashe su, mijinta yana cikin waɗanda ba su tsira ba. Ranar da za su gudu, wasu suka ɗauki tukwane, wasu tabarmi, ita kuwa ta shiga madafa ta tsinko zangarniyun da suke rataye. Tana zaune da 'ya'yanta a wani kango cikin garin Tsafe. Duk rani ta riƙe irin nan tana neman wanda zai ara mata ko kunya goma ce ta shuka, ba ta samu ba, don gonakin da ake iya zuwa sun yi wa masu su kaɗan. Yau yara sun wayi gari ba komai, ta sussuke shi ta kawo.

Na ce, "Allah ya kawo sauƙi. Amma wa ya ba ki irin?"

Ta ce, "Na mahaifina ne. Bai bar ɗa namiji ba, da zai rasu sai ya bar mini. Ya ce kada in sayar, kuma in zan ba wani to in niƙa in ba shi gari." Ta share ido da bakin hijabi. "Ga shi yau na saɓa masa."

Na sake duban ƙwaryar. Ɓarawo yana iya satar zangarniya, amma ba ya satar doka ya tafi da ita. Na tambaye ta mutumin ina ne mahaifin nata. Ta ce baƙo ne a garinsu, ya zo da ƙuruciyarsa ya yi aure a nan, in aka tambaye shi asalinsa sai ya ce daga yamma, bai taɓa ƙarawa a kan haka ba. Na ƙura mata ido ina neman kama. Kada in yi ƙarya, ban ga komai ba, fuska ce kawai ta mai yunwa.

Na mayar da faifan na rufe ƙwaryar. Na sa aka kwance buhu ɗaya aka auna mata masarar da za ta riƙe su, na ce ko ƙwaya ɗaya ta wannan dawa kada ta sayar, kada kuma a ci, sai ta ji daga gare ni. Na raka ta na ga kangon da take. Na ɗebi ɗan kaɗan na ƙulle a bakin gyalena.

Washegari na shiga motar Furfuri. Na tarar da Baffa a gindin ɗorawar ƙofar gida yana gyaran ƙotar sungumi, ana shirin shuka. Bayan mun gaisa na kwance ƙullin na zuba masa rabi a tafin hannu, na ce a kasuwar Tsafe na gani. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Sata ce."

Na ce, "Na yi zaton haka."

"Ko tsuntsu ya kai."

"To, Baffa, tsuntsun ne ya koya musu kada a bayar sai gari?"

Ya ɗago ya watsa mini wani kallo. Ya ce, "Ke ɗiyar nan bakinki ya fi ƙarfinki. Gidanga maza biyu aka haifa, ni da ubanki. Tashi ki ba ni wuri."

Ni kuwa ban tambaye shi maza nawa aka haifa ba. Ban ma kawo zancen haihuwa ba. Na kuma lura bai watsar da dawar ba, aljihu ya zuba ta. Ruwa ba ya tsami banza. Ko ruwan gidan ban tsaya sha ba, na nemi mai babur ya kai ni Bunguɗu.

Na samu Gwaggo ta idar da azahar tana zaune a kan buzu. Na ce ta buɗe hannu, na zuba mata sauran. Ta murza da yatsu, ta kai ɗaya baki ta ciza, ta ce, "Wa ya ba ki tsaba? Baffanki ya fara rikicewa ne?" Na ce ba daga gidanmu ta fito ba. Na gaya mata komai, da matar, da kangon, da abin da mahaifinta ya ce mata. Gwaggo ta damƙe dawar a hannunta. Can sai ta ce, "Ya rasu ke nan." Hawaye suka gangaro mata.

Na ce, "Wa?"

Ta ce, "Yayanmu."

Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma na gidanmu ya wuce misali. Na haura hamsin a duniya, sai ranar na ji cewa kakana su huɗu ya haifa. Kuma ashe rabin tsofaffin ƙauyenmu sun sani, ina gaishe su suna amsawa, ba wanda ya taɓa ko tari.

Ga yadda Gwaggo ta ba ni. Kafin a haife ni an yi wata shekara da ruwa ya ƙi, aka girbe abin da bai taka kara ya karya ba. Kakana ya tara ɗan abin da aka samu a rumbu ɗaya, ya liƙe bakinsa da laka, ya ce ba za a buɗe ba sai ruwa ya sauka an fara noma, don masu riƙe fartanya su sami ƙarfi. Haka al'adar take, kuma rumbun gandu maigida kaɗai yake buɗe shi, ko leƙawa wani ba ya yi. Aka shiga cin tafasa da dusa. A cikin wannan hali matar babban ɗan ta haihu, ga yunwa, nono ya ƙi zuwa, jariri yana ta kuka har muryarsa ta dishe. Babban ɗan ya roƙi tsohon sau da yawa, tsohon ya ce in aka buɗe wa ɗaya an buɗe wa kowa. Sai ya hau ya fasa liƙin, ya zaro dami ɗaya, ya kwaɓa laka ya mayar. Lakar ba ta bushe ba Baffa, lokacin yana saurayi, ya gani ya je ya faɗa.

Gwaggo ta ce tsohon ya tara gidan gaba ɗaya, ya ce wanda ya buɗe rumbu ubansa yana da rai to ya riga ya binne uban ke nan. Ya ce ya fita, kuma duk wanda ya sake ambatar sunansa a gidan bai yafe ba. Iyayen matar suka zo suka tafi da 'yarsu, jaririn bai yi kwana da yawa ba ya koma. Shi kuwa ya ɗauki fartanyarsa ya kama hanya.

"Innarmu ta bi shi ta bayan gari," in ji Gwaggo, "da zangarniyu ɓoye cikin zane. Ni na riƙe mata ƙofa. Ta ce ko korarsa aka yi, ɗa ne ya fita daga gandu, ba zai tafi hannu wofi ba."

Na ce, "Allah sarki. Bai sake waiwayo gida ba ke nan?"

Ta kama jan carbi da sauri. Na san Gwaggo, in ta fara jan carbi da sauri to akwai saura. Na ce ta faɗa mini, ni ba yarinya ba ce.

Ta ce ya dawo sau ɗaya. Da tsohon ya rasu labari ya kai masa, ya taho gaisuwa a ƙasa tun daga ƙasar Tsafe. Wani ya gan shi a hanya ya riga shi isowa. Lokacin ana maganar rabon gona. Sai ƙannensa biyu suka fita suka tare shi a bakin rafi, suka ce tsoho ya tafi bai yafe ba, ya juya, in ya shiga garin za a tuna wa mutane abin da ya yi. Ya tsaya ya dube su, ya juya. Aka raba gona biyu maimakon uku.

Na ce, "Baffa dai. Ai zai aikata."

Gwaggo ta ce, "Baffanki tsayawa kawai ya yi da sanda. Ubanki ne ya yi maganar."

Na ce ƙarya ne. Na faɗa mata haka, tsohuwar da ta goya ni. Na ce tsufa ya fara taɓa mata kai, Babana ko akuya ba ya iya kora daga kan shanya. Ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Ni ma aka ba ni ɗan fegi na yi shiru, ba na fid da kaina. Innarmu tana cikin takaba, ba wanda ya gaya mata ya zo. Har ta koma ga Allah tana cewa, ko gaisuwar ubansa bai zo ba."

A motar da ta dawo da ni Gusau kuka na yi ta yi, har wata mata ta tambaye ni ko rasuwa aka yi mini. Na ce eh. Na ji haushin Babana, haushi mai tsanani, na kuma ji kewarsa a lokaci guda, na rasa inda zan sa kaina. Gonar da ta ciyar da ni, ta yi mini kayan ɗaki, ashe da rabon wani a ciki, kuma 'yar mai rabon tana kango tana sayar da iri. Na yi kwanaki ko awo ba na iya yi da daɗin rai, mai saye ya yi mini ƙorafi kaɗan in hau shi da faɗa.

To amma hadari ba ya jiran mutum ya gama fushi. An fara yayyafi a wajen Magami, kowa yana cewa ruwan shuka ya kusa. In ya sauka ba ta da gona, shi ke nan, irin zai tafi cikin tukunya, ita da 'ya'yanta kuma su zama masu jiran a ba su. Na koma Tsafe na ɗauko ta na kai ta wajen Gwaggo. Gwaggo ta shafa fuskarta, ta tambaye ta ko mahaifinta yana da tabon ƙuna a bayan hannun hagu. Ta ce yana da shi. Gwaggo ta ce ita ce ta ture shi ya faɗa murhu suna yara. Suka rungume juna suna kuka, ni ina gefe ina hararar bango don kada in sake farawa. A nan Gwaggo ta gaya mata komai, ba ta rage ba. Tun daga ranar matar ta daina ce mini Hajiya, ta koma Yaya.

Ina da rabona a gonar Babana, wani ɗan tsiri ne a jigawa, ƙanena yake noma mini shi yana aiko mini da abin da ya samu. Na ce masa bana na karɓi abina, ƙanwata za ta shuka. Ƙanen nan nawa mutumin kirki ne amma tsoron Baffa yake kamar me. Ya fara sosa ƙeya yana cewa a bi a hankali. Na ce hankalin ne ya kawo mu inda muke. Kafin la'asar maganar ta kai kunnen Baffa, ya aiko mini cewa muddin yana numfashi bare ba zai sa iri a ƙasar gidan nan ba, kuma in ina taƙama da rabona to in tuna a tsakiyar gonarsa hanyar zuwa wurin ta bi.

Na ce to mu haɗu gaban alƙali, ai shari'a ba ta san korar ɗa daga gado ba, kuma Gwaggo tana da rai za ta yi shaida. Da gaske nake, har na fara tambayar yadda ake shigar da ƙara. Ƙanwar tawa ce ta hana ni. Ta ce, "Yaya, don Allah ki bari. Ni ba gado na zo nema ba. Wurin da zan zuba irin nan nake nema kafin yara su cinye shi. In aka shiga kotu damina za ta wuce muna zarya." Gaskiya ta faɗa, amma sai da na yi ta ƙunƙuni kafin na haƙura. Na ce to ba kotu, amma ranar da ruwa ya sauka za mu shiga gonar nan ta kan hanyar da ya ce, in ya so ya sa sandar tasa ya tare mu kamar yadda aka saba.

Na kawo ta ƙauye da 'ya'yanta, na buɗe musu ɗakin Innata da yake rufe. Matan gidan suna leƙe, ba mai iya zuwa ya gaishe su a fili. Baffa bai shigo ɓangarenmu ba, mu ma ba mu je nasa ba.

Ruwa ya sauka wata Laraba, mai yawa, har ya kwanta a tsakar gida. Da safe kowa ya fita da sungumi. Na tasa ƙanena a gaba, yana tafe yana waige-waige. Muka ratsa gonar Baffa ba wanda ya ce mana kanzil, muka isa tsirin nawa. Ƙanena ya fara sara, ƙanwar tawa tana binsa da ƙwarya tana jefa iri tana rufewa da diddige. Daga ganin yadda take taka ƙasa ka san a gona ta tashi. Ni ina tsaye a bakin iyaka na ɗaure gyale a ƙugu, don na san zai zo.

Ba su gama layi na biyu ba sai ga shi, yana dogara sanda. Ƙanena ya saki sungumi. Na tare gabansa na buɗe baki, na riga na tanadi maganganun da zan faɗa masa tun daga Gusau. Ko kallona bai yi ba, ya kewaye ni ya nufi wajenta.

Ta ajiye ƙwaryar ta durƙusa har ƙasa. Ta ce, "Ina kwana, Baba."

Ya tsaya a kanta. Ya sunkuya ya leƙa ƙwaryar, ya sa hannu ya motsa irin. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Shi ubanki, ya taɓa ce muku yana da dangi?"

Ta dube ni, ta mayar da kai ƙasa. Ta ce, "Ya ce yana da ƙanne maza biyu, amma sun rasu. Duk kaka in aka yi tuwon farko na sabuwar dawa, sai ya sa a fitar da akushi biyu a kai masallaci sadaka. Ya ce na ƙannensa ne, Allah ya kai musu ladan. Bai taɓa fashi ba har ya kwanta ciwo."

Wannan ba ta taɓa gaya mini ba. Daga baya ta ce nauyina ta ji, tunda ɗaya daga cikin biyun ubana ne.

Baffa ya zauna a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, da farar rigarsa. Tunda nake ban taɓa ganin ya zauna a gona ana aiki ba. Ni da nake da bakin da ya fi ƙarfina, na kwance gyalen da na ɗaure a ƙugu. Tausayinsa ya kama ni, ban so ba, amma ya kama ni. Muka yi tsaye cirko-cirko, ana jin saran sungumin mutane daga gonakin maƙwabta.

Da ya nisa sai ya ce, "Ku tashi daga nan. Jigawa ce, mai lalle ba ta son ta." Ya ɗaga sanda ya nuna gabas. "Daga marken can zuwa bakin rafi."

Duk wanda ya san gonarmu ya san wurin. Nan ne ƙasar ta fi kyau, nan Baffa yake shuka tasa mai lallen tun ina goye. Ƙanena, da ba ya iya barin magana ta wuce lafiya, ya ce, "Aro ne, Baffa, na bana?"

Baffa ya ce, "Wa ya ce maka aro? Ɗauki sungumi, sakarai."

Muka kwashi kaya muka bi shi. Yana gaba, ita tana bayansa da ƙwarya a ka, ni da ƙanena a baya. Bai ce ya yi kuskure ba, bai ambaci sunan yayansa ba, ban kuma matsa ba, don na ga iyakar abin da tsohon zai iya ke nan a rana ɗaya. Ni ma a ranar ban gama da nawa uban ba. Ina yi masa addu'a kullum kamar da, sai dai yanzu na san abin da nake roƙa masa gafara a kai.

Mun kusa marken sai Baffa ya tsaya, ya juyo, karo na farko ya dube ta a fuska. Ya ce, "Ina aka sa shi? In an gama shuka ina so a kai ni."

Ta ce, "Yana can garinmu, Baba, a bayan gida. Amma ba a shiga yanzu. Ko mu ba mu iya zuwa."

Ya ce, "To."

Damina uku ke nan tana noma wurin. Baffa ƙafa ta fara gazawa, ba ya zuwa gona sosai, yana wuni a ƙofar gida. Duk wanda ya zo daga wajen Tsafe, direba ne ko mai tallan goro, sai ya tsayar da shi ya tambaye shi ko hanyar can cikin duwatsu ta buɗe. Har yau ba ta buɗe ba.